Wayar Lasifikar Shekwolo

Jakar tana bakin ƙofa tun watan Maris. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki, garin rogo, tawul da maganin ciwon baya. Shekwolo ya haɗa ta ne ranar Lahadin da Fasto ya yi wa'azi cewa duk mai bin Yesu da gaske sai ya sha tsanani, don haka kowa ya zauna da shiri.

Shekwolo mai sayar da doya ne daga Paiko, bai daɗe da kama haya a unguwar Kpakungu ba, kuma maƙwabtansa kusan duk Musulmi ne. Ya ɗauki wa'azin da muhimmanci. Ya haddace ayoyi, ya yi azumin kwana uku, har ya riƙa tsayawa gaban madubi yana gwada fuskar da zai yi in ya zo yafe wa masu tsananta masa.

Matsalar ita ce babu wanda ya tsananta masa. Malam Ndaceko, mutumin Bida mai gyaran wuta da ke jikin gidansu, kullum shi ke fara gaishe shi. Matar Malam kuwa duk ranar da ta toya masar shinkafa sai ta aiko musu. Shekwolo yakan ci masar ransa a ɓace, yana tunanin ko bangaskiyarsa ce ba ta kai a lura da ita ba.

Sai ya sayo lasifika. Ya ɗaura ta a kan rufi, ya jawo waya ta tagar ɗakin kwana, ya haɗa da batir don ko an ɗauke wuta. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba yakan zauna a bakin gado ya rera waƙoƙin sujada. Allah ya ba shi murya mai ƙarfi, sai dai bai haɗa masa da daɗi ba. Matarsa Magdalene tela ce. Sai ta fara gyangyaɗi a kan keken ɗinki, har ta ɗinke wa wata mata wuyan riga.

Mako biyu shiru. Ran nan da asuba ya buɗe baki, lasifika ta ƙi amsawa. Da gari ya waye ya sami wayar a yanke a ƙarƙashin taga, yanka ɗaya, tsaf.

Ya shiga ɗaki yana rawar jiki don murna.

"Maman Praise, abin ya zo. Sun fara."

"Allah ya ba ka haƙuri," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ya tafi kasuwa da niyyar sayo sabuwar waya. Da ya dawo, ya tarar an haɗa tsohuwar, an naɗe da baƙin salatif. Wannan kuma ya sa shi cikin jerin al'ajibai, ya ba da shaida a coci, aka yi tafi. Sau uku ana yankewa, sau uku tana haɗuwa.

A karo na huɗu ya bar kasuwa da wuri. Yana shan kwana ya hango Malam Ndaceko tsugune ƙarƙashin tagarsa, filaya a hannu.

Ranar da Shekwolo ya yi wata uku yana jira ke nan. Magdalene ta fito bakin ƙofa ta ce ya shigo ya ci tuwo tukuna, abin ba na gaggawa ba ne. Bai saurare ta ba. Ya kira mai shayi, ya kira masu wankin babur, ya tara jama'a, sannan ya gyara fuskar nan ta madubi.

"Ku zama shaida," ya ce. "Wanda ya yanke mini waya, ko sau nawa ne, na yafe masa har cikin zuciyata. Ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada."

Malam Ndaceko ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Baban Praise, ai ni haɗawa nake. Shekara goma ina makara sallar asuba, liman har ya gaji da ni. Tun da ka fara waƙar nan ban sake rasa jam'i ba. Babu mai iya barci a cikinta."

Masu wankin babur suka gyaɗa kai. Shekwolo ya dubi salatif ɗin da ke hannun Malam, fuskar madubi ta fara zamewa.

"To wa ke yankewa?"

Magdalene ta gyara ɗaurin zani, ta yi hamma mai tsawo.

"Tun da ka riga ka yafe a gaban shaidu, Baban Praise, ni ce."