Babbar Riga a Bakin Famfo

Malam, gyara zama ka ji zalunci. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an tozarta bawan Allah kamar yadda wata ƙungiyar agaji ta tozarta wani mutum ba. Ta kafa wa ƙauyensu famfon tuƙa-tuƙa, ta bar akwatin sifanu da robobin canji, ta ce a ba ta mutum ɗaya ta koya masa gyara. Mata suka ce a tura mai facin kekuna. Mutumin nan ya ce ina, hannu mai baƙin mai ba ya wakiltar gari a gaban baƙi, shi zai je. Kuma ya cancanta, don dogo ne, ya iya kafa hula, kusan kamar ni. Ya tafi cikin babbar riga ta shadda da ta sha sitaci. Da aka zo kwance famfo ana shafa giris, ya koma inuwa kada rigar ta ɓaci. Da aka zo ɗaukar hoto, ga shi a tsakiya.

Rani ya tsananta, famfo ya daina kawo ruwa. Mata suka koma kududdufi, yara suka kama gudawa. Shi kuwa ya bi kasuwa da majalisa yana shelar an kawo musu ruɓaɓɓen ƙarfe, har ya aika wa ƙungiyar ta zo ta kwashe tarkacenta. Suka zo. Injiniyarsu, wata mata mai sanyin murya, ta saurare shi har ya gama, ta danna hannun famfon, ta ce, "Roba ce kawai ta cinye, Alhaji. Ai kai muka koya wa. Bismillah." Gari duk yana tsaye. Ya buɗe akwati, ga sifanu suna ƙyalli cikin leda, ko ɓare ta ba a yi ba. Ya ɗauki babbar, ya zagaya famfon, ya rasa inda ake sa ta. Ya sake zagayawa. Wata uwa goye da ɗanta da jikinsa ya saki ta tsaya tana kallonsa. Zufa ta karyo masa. Ya ajiye sifanar a ƙasa, kansa a sunkuye, ya ce, "Ban koya ba. Kuma ni na hana a tura wanda zai koya."

Ni dai har gobe ina ganin da injiniyar ta ja shi gefe, mutum mai hula irin wannan. Amma Hausawa sun riga ni magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.