Kwamfutar Injiniya Ta Yi Nauyi

Da ƙyar ta haye matakalar shagon, akwatin kwamfutar a kanta bisa gammo kamar tulu. Mai gyara ya taso zai karɓa, ta ce ya bari, ita ta ɗauko, ita za ta sauke.

Mai Kwanuka ake ce mata a kasuwa. Tun rasuwar maigidanta ita ke riƙe da rumfarsa, kuma 'yan sari sun san in ta yanke magana ta yanke. Karatunta bai wuce haɗa baƙi ba, amma ta san alamar da ake dannawa a gefen allo. Ɗanta tilo, Injiniya, shi ya bar mata kwamfutar da zai koma ƙasar da yake aiki. Ya nuna mata yadda za ta buɗe burauza, manhajar shiga intanet, ta shiga shafin da za su riƙa ganin juna ranar hutunsa. Daga baya ya koya mata magani: in hoto ya tsaya, ta shiga ƙarƙashin tebur ta zare wayar intanet, ta hura, ta mayar.

Da farko lafiya lau. Sannan abin ya soma nauyi. In ta danna, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa har ta gama wanke-wanke. In fuskarsa ta fito, dishi-dishi. Gaisuwa dai takan wuce. Amma kafin ta kai ga rufin ɗakin baya da ke yoyo, ko ta tambayi yaushe zai zo, sai hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Ta durƙusa, ta rarrafa cikin ƙura, ta zare, ta hura, ta mayar. Kafin ta dafa kujera ta miƙe, kira ya yanke. Can da yamma saƙo ya shigo ƙaramar wayarta, maƙwabciya ta karanta mata: Umma, kwamfutarki ce, sai wani satin.

A kasuwa kuwa in an tambaye ta, cewa take sun sha hira har ta gaji ta sallame shi.

Mai gyara ya kunna, ya riƙe baki.

"Mama, wannan ai rumfarki ce ranar saukar kaya. Ba wajen sa ƙafa. Tunda kike ba ki taɓa rufe shafi ba?"

"Rufe su ake yi? Na ɗauka in na kashe wuta kowa gidansa yake tafiya."

Ya rufe shafukan da suka yi cunkoso. Ya share tarkacen da burauzar ta tara, ya ciccire wasu ƙananan manhajoji da suka manne mata kamar kaska, ya buɗe akwatin ya kaɗe ƙura, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Da ya faɗi kuɗin aiki ta tambaye shi ko tare da shagon zai sayar mata. Suka yi ta ja, ta ɗauki gammonta ta nufi ƙofa, ya kira ta. A ƙarshe ya sallama, kuma da sharaɗin shi zai kai gida ya haɗa.

A gidan ya leƙa ƙarƙashin tebur ya daɗe.

"Wayar nan lafiyarta ƙalau. Wa ya ce ki riƙa zare ta?"

"Injiniya."

"To," in ji shi. Ya kafe wayar a bango da ƙananan ƙusoshi. Ya fita tsakar gida ya kira ta a shafin daga wayarsa, yana ɗaga hannu yana tsalle, ta gan shi tar, har zufar sanƙonsa. Da zai tafi ya ce kar ta ƙara rarrafe da girmanta. In hoton ya tsaya, ta zauna ta jira.

Ranar hutu ta rufe rumfa da wuri. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalin da take zuwa biki da shi. Gidan shiru, sai ƙarar firij. Ta danna. Ko zama ba ta gyara ba, ga shi nan, fes, kamar a tsallaken tebur. Ashe har ya soma furfura a gemu, ba ta sani ba.

"Umma, yau kin fito ras!"

"Na kai kwamfutar asibiti. Yau sai mun gaji, ɗan nema."

Ya yi dariya. Ta ba shi labarin mai gyara da yadda ta kayar da shi a ciniki. Sannan ta gyara murya, don abin da ke tafe ba irin maganar da ta saba ba ce. Likita ya ce gwiwarta sai an yi aiki, kuma ba za a yi ba sai da wani nata a kusa.

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka zo, ko da na ɗan..."

Hoton ya daskare.

Har ta dafa tebur za ta durƙusa, ta tuna, ta koma ta zauna. Gobe mai sanƙo zai gane kurensa. Amma dai ga fuskar, rabon da ta kalle ta a tsanake har ta manta. Goshin uban ne sak. Ta kama bakin mayafinta ta goge masa ɗan datti a kumatu, wanda ashe a jikin allon yake.

Sai ƙofar da ke bayansa ta buɗe, matarsa ta shigo da kofi a hannu, ta dubi allon, ita ma ta daskare da ƙafa ɗaya a gaba, tururi na ci gaba da tashi daga kofin.