Mai Kitson da Aka Koya wa Shiru

Tunda kin ce aikin sauraren masu damuwa kike son koya, matso in ba ki misali ɗaya, don na lura ke ma bakinki ba ya hutawa.

An yi wata mai kitso a unguwarmu, shekara talatin kawunan mata suna wucewa ta tsakanin gwiwoyinta. Kin san halin mace idan ta sunkuyar da kai ana yi mata shuku: abin da ba ta gaya wa uwarta ba, sai ta juye shi a gaban mai kitso. Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa rasa amsa. Kafin ki kai aya ta yanke hukunci, ta faɗi magani, ta ɗora da labarin wata da irin haka ta taɓa samu. Da sanyin ƙashi ya kama yatsunta har tsaga ta gagare ta, sai ta ji labarin wata cibiya da ake koyar da ba da shawara ga masu ciwon damuwa. Ta ce ai wannan gonarta ce, takardar shaida kawai za ta je ta karɓo. Ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, ta haddace karatu tsaf, amma da aka zo gwajin zama da mutane sai ta faɗi. Aka sake, ta sake faɗuwa. Malamar da ke koyar da su, wata siririyar mace mai magana kamar ba ta so, ta ce mata saura dama ɗaya, in ta kuskure sai gida. Gida kuwa babu abin da ke jiran ta sai tabarma da zaman kashe wando. Haushi ya cika mai kitso, ta ce a ranta wai yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mata zama da mata. Malamar ba ta ja da ita ba. Ta dai ce ta riƙa shiga da carbinta, duk lokacin da magana ta taso mata, ta ja talatin da uku a zuci kafin ta buɗe baki.

Ranar gwaji na uku aka shigo mata da wata mata mai kimanin shekara hamsin, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. 'Yarta ce ta matsa mata ta zo. Malama ta nemi izininta, ta zauna can gefe. Matar ta ce mahaifiyarta ta rasu wata huɗu da suka wuce, bayan ta yi jinyarta shekara bakwai a kwance, kuma tun ranar abinci ya daina shigar mata. Daga nan ta yi shiru. Mai kitso ta ce a ranta wannan ai mai sauƙi ce, kewa ce kawai. Maganar har ta iso kan harshenta, a shirye kamar tuwon da aka kwashe: ki yi haƙuri, ke 'ya ta gari ce, wadda ta yi wa uwa abin da kika yi ai ta gama samu. Sai ta tuna, ta damƙi carbi. Wallahi ba ta taɓa sanin talatin da uku suna da nisa haka ba. Ta kai ƙarshe, maganar tana nan tana cin ta, ta cije leɓe ta sake sabon zagaye. Tana tsakiyar na biyu matar ta ɗago, da murya ƙasa ƙasa ta ce ranar da aka fita da gawar, da ta shiga ɗaki ta ga gadon babu kowa, abin da ta fara ji a ranta sauƙi ne, kamar an sauke mata kaya. Tun daga nan take ganin kanta muguwar 'ya. Duk mai ta'aziyyar da ya kira ta 'ya ta gari, fama mata gyambo yake yi, shi ya sa ta daina fita, ta daina karɓar baƙi. Kuma ta fito gida yau da rantsuwa cewa in ta ƙara jin kalmar nan sau ɗaya, za ta ɗauki mayafinta ta tafi, ta mutu da abin a cikinta.

Tambaya ɗaya mai kitso ta iya yi, ta ce shekara nawa ta yi ba ta samu barcin kirki ba? Matar ta fara lissafi da yatsu, ba ta ƙarasa ba kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar. Mako ya zagayo ta dawo da ƙafarta, ta ce ta ci ɗan wake jiya har ta nemi ƙari.

Mai kitso ta ci gwaji. Amma tun kafin a faɗi sakamako ta bi malamar ofishinta, da girmanta da furfurarta ta durƙusa tana godiya, malamar tana ta roƙon ta tashi. Har yau ba ta idar da salla ba ta saka ta a addu'a ba. Ta san da ta buɗe baki ranar, da yabo, da kyakkyawar niyya, da ta kori baiwar Allah da ciwonta. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.