Leda Uku a Firij

"Injin nan ba ya tashi a bushe," in ji likita. "Shi zai riƙe aikin zuciyar mijinki muna tiyata. Sai mun cika shi tukuna, ko da ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya, ko da jini. Jinin Hashimu ya yi ƙasa, a tanadi leda uku."

Na miƙa hannu. "Ku ɗebi nawa."

Ya kalli cikina wata tara. "Haba Malama Turai, sauke hannunki."

Na koma Wudil ina kuka. Me gare ni ban da roƙo? Na bi abokan sana'arsa masu kifi a bakin gada. Bakwai suka biyo ni Kano suna ƙarnin tarwaɗa, jinin mutum uku ya dace.

Ranar aiki ina zaune a baranda, ko leƙe an hana ni. Can likita ya fito, wai an gama lafiya. Jininsa ya ɗan ƙaru, ruwa kawai suka zuba wa injin. Ledojin suna firij.

Kunya ta kama ni, na wahalar da bayin Allah a banza. Ina miƙewa, marata ta ɗaure.

Jama'a, na haifi 'ya mace! Amma jini ya ɓalle mini har na daina gane fuskoki. Da na farfaɗo, nas ta nuna mini ledojin nan uku, wayam.

"Naki da na mijinki iri ɗaya ne. Wa ya tara miki wannan?"

Na ce, "Wallahi ni ce."