Ɗakin da Ke Kallon Baƙin Dutse

"Ɗakin baya za ki ba mu," in ji Pualei, amarya.

Anti Momi mai masaukin ta riƙe haɓa. "'Yar nan, amarci fa kuka zo ci. Ga ɗaki mai kallon teku, ki ce sai ƙonannen fili?"

Kawika, angon, ya dire jakunkuna. Ya gaji. Tun daga garin Hilo suke duba masauki Pualei tana ƙi. Yanzu ya gane. A ƙarƙashin baƙin dutsen da ya rufe filin can gidan marigayi mijinta yake, gidan da aman wutar dutse ya binne. Wato matar wani ya aura. Namiji kuwa in zargi ya shige shi, ba ya tambaya, hukunci yake yankewa.

Suna shiga ɗakin ya ce, "In makoki kika zo, Pua, faɗa mini in koma gida."

Ta buɗe taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe hannun riga, ta nuna masa tabon da ta sha ce masa na faɗuwa ne.

"A gidan can aka karya hannun nan. So nake in farka da safe in ga ko ƙofarsa babu."