Tela da Kuɗin Kitson Matarsa

Tunda ka ce bizarku ta canza, kai da maiɗakinka, zauna in ba ka misali kafin ka doshi masu haraji.

An yi wani tela da ya tafi wata ƙasa mai nisa da bizar aiki ta ɗan lokaci. Matarsa ta bi shi a matsayin 'yar rakiya, ba a yarda ta yi sana'a ba. Duk shekara in lokacin haraji ya zo, shi kaɗai yake zuwa ya faɗi abin da kekensa ya samo, ya dawo gida hankali kwance. Ana nan sai aka ba su izinin zama. Matar kuwa dama hannunta na ƙaiƙayi, ta shimfiɗa tabarma a falo ta fara kitso da lalle, kafin ka ce kwabo amaren unguwa sun san ƙofar. Sai aka gaya wa tela cewa yanzu ya fita daga sahun baƙi. Gida ɗaya za a ɗauke su, abin da matar ta samu ma sai an faɗa, in kuwa aka ɓoye, ranar sabunta izini za a ji a jika. Tela ya ce Allah ya kiyaye. A gidan ubansa kuɗin mace nata ne. Uwarsa ta tsufa tana ƙuli-ƙuli, ba namijin da ya taɓa tambayar ta riba. Shi da gemunsa ya leƙa lalitar mace? Mutumin kirki ne, wallahi, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Ran nan wani direba ɗan garinsu ya kawo masa manyan jakunkuna a gyara zif. Tela ya tambaye shi ko ziyara za a je gida. Direba ya ce komawa ce gaba ɗaya: an hana su sabunta izini, don bai taɓa ambaton abincin sayarwar matarsa a wurin masu haraji ba, yara ma an cire su daga makaranta ana tsakiyar zango. Tela ya ɗinke zif ɗin, tsoro ya kama shi sosai. Da ya koma gida ya tarar da matar tana wanke kwanon lalle. Ya zauna bakin tabarma, ya yi gyaran murya, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi tsadar albasa, da ƙyar dai ya fito da maganar, idonsa a ƙasa. Matar ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Haba maigida! Matan da nake wa kitso sun gaya mini tun kafin azumi. Ni ma nauyi nake ji, kada ka ce na raina samunka." Washegari suka tafi tare, ta faɗi nata da bakinta, shi ma ya faɗi nasa, kuma ba abin da ya ragu a girmansa. Da lokacin sabuntawa ya zo, aka buga musu hatimi ba gardama, yaransu suka ci gaba da karatu.

To, kai ma tashi ka je ka yi gyaran muryarka. Hausawa sun riga sun faɗa: idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.