Kafin A Taɓa Cikon Malama

Sau biyu Malama tana miƙewa daga kujerar jira a asibitin haƙori kamar za ta fita, ta koma ta zauna. Warin maganin goge ƙasa ya cika mata hanci. Ko karin safe ba ta iya yi ba.

Ita ce kuwa ta matsa a yi aikin nan. Tun tana 'yar makaranta aka cike mata turmin haƙorinta na ƙasa da baƙin cikon nan mai zaiba a ciki. Bana ya tsage, ko ruwan sanyi ta kurɓa sai ta ji shi har ƙwaƙwalwa. Likita ya ce tunda ya tsage gara a cire, amma sai injin zuƙar tururi ya dawo daga gyara, don tururin zaiba guba ne. Ta yi ta mita har injin ya dawo. Yau ga rana ta zo, ita kuma ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Nas ta leƙo tana murmushi. "Anti, bismillah, ke ake jira."

Ta rataye jakarta a bayan ƙofa ba tare da ta tambaya ba, ta hau kujerar. Maganar da ta shirya tun a mota tana bakinta. Ta dubi nas, yarinya sai kaiwa da kawowa take, ba alamar za ta fita. Malama ta haɗiye maganar.

Likita ya shigo yana sa safar hannu. "Malama mai sa yara kuka, yau ke ce a hannu."

Ba ta yi dariya ba.

Ya bi komai daki-daki kamar yadda ya saba. Aka buɗe taga, aka lulluɓe ta har wuya, aka sa mata tabarau da bututun iska a hanci. Ya ce ba niƙe cikon zai yi ba, yanka shi zai yi gutsure-gutsure ana feshin ruwan sanyi, don kada ya yi zafi ya fitar da tururi. Ta san wannan karatun kamar yunwar cikinta. Ta kuma san tambayoyin da yake yi wa duk wadda ta hau kujerar nan. Ta kasa kunne tana jira. Ya tambaye ta ko haƙorin ya hana ta barci, ya tambayi ko tana jin jiri, ya wuce. Wadda take jira, tsallake ta ya yi.

Allura ta shiga, leɓenta ya yi nauyi. Ya shimfiɗa robar nan da ke killace haƙori, ya maƙale ta. Shike nan, baki ya rufu. Yatsun ƙafarta sai motsi suke cikin takalmi. Abin da aka gaya mata ɗazu a ɗakin gwajin jini ya dawo yana buga mata kai. Ko ta bari a gama, ta faɗa daga baya? To in kuma tururin ya yi ɓarna, da wane ido za ta dube shi?

Nas ta kunna injin zuƙa. Likita ya ɗauki abin yankan, ya taka makunninsa da ƙafa, ƙararsa ta cika ɗakin. Ya sunkuyo.

Malama ta cafke hannunsa.

"Subhanallahi! Ai sai na yanke ki!" Ya ɗage ƙafa, ya cire robar da sauri. "Mene ne?"

Ta dubi nas. Yarinyar ta gane, ta ajiye bututu ta fita, ta jawo ƙofa.

"Akwai tambayar da kake yi wa kowace mace kafin ka taɓa irin wannan cikon," in ji ta, harshenta na sarƙewa. "Ni ba ka yi mini ba."

"Wace tambaya kuma? Ko kina da juna..."

Ya sauke takunkumin fuskarsa a hankali, ya lalubi kujera ya zauna.

Tun ranar da aka ɗaura masa aure da Malama, shekaru da yawa har sun daina lissafi, yau ce rana ta farko da amsar matarsa ta zama e.